Alkamar Mutumin da Bai Mutu Ba

Shafi na 17

Masu cika min waya da zagin Nevena tun shafin da ya wuce, ku ɗan sassauta mata. Na ci gurasar matar nan, na kuma sha faɗanta, na san ba ta aikin banza. Ku gyara zama.

*

Radostina ta turo ƙofar kicin da jaka a kafaɗa, gajiyar hanyar birnin Sofiya duk a fuskarta. Ko gaisuwa ba ta kai ga yi ba ƙamshin ya tare ta: dafaffiyar alkama, kirfa, zabibi. Ta tsaya cak. Babu ɗan garin nan da bai san wannan ƙamshi ba, kuma kowa ya san ba na biki ba ne.

"Mamo, me kike dafawa?"

Nevena, mahaifiyarta, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta baje alkamar a kan farin ƙyalle tana tsane ruwanta.

"Abin da hancinki ya gaya miki."

"Zhito? Alkamar mamaci? Mamo, Tate fa, babana, yana nan da ransa a ɗaki!"

"Ni za ki gaya wa? Ni ke wanke masa safa."

"To wa ya mutu?"

"Anani."

Radostina ta nemi kujera ta zube.

Anani dai ba kowa ba ne illa tsohon da ke cikin fim ɗinta, Unguwar Marasa Jiya, wanda ta ɗauka a nan garin cikin sanyin bara, a tsohuwar masaƙar da aka rufe. Mahaifinta ne ya fito a Anani. Bay Zahari, kamar yadda ake kiransa don girmamawa, tsohon direban bas, wanda ciwon mantuwa ya fara yi wa sata tun kafin a kafa kyamara. Mutumin da ke manta inda ya ajiye takalminsa, sai ga shi ya haddace maganganun fim tsaf, har aka miƙe tsaye ana tafa masa a gasar ƙasar waje.

Takarda guda ce ta jawo komai. Irin wadda ake bugawa idan an yi mutuwa, hoton mamaci a tsakiya, gicciye a sama, a manna a ƙofar gida da jikin bishiyoyi, tsofaffin gari su mai da ita jaridarsu ta safe. An buga irinta saboda fim, hoton Zahari, sunan Anani. Makon jiya aka wayi gari da ita a ƙofar gidansu. Kafin Nevena ta dawo daga sayen burodi, rabin layin ya hallara da furanni ana sharɓar kuka. Zahari ya fito da silifas, ya dubi hotonsa, ya dubi masu kukan, ya koma ciki ya kwanta. Tun ranar ya ce shi Anani ne, kuma ya mutu. Matattu kuwa ba sa cin abinci.

Ruwa kaɗai yake karɓa. Likita ya ce in har gobe bai sa komai a cikinsa ba, asibitin birni za a kai shi a zura masa roba ta hanci. Nevena ta san mijinta. In aka fitar da shi daga gidan nan aka kwantar da shi cikin baƙin fuskoki, ɗan abin da ya rage na Zahari ma tafiya zai yi.

"Mamo," in ji Radostina, muryarta a ƙasa, "zan kira shugaban zauren gari in ce a fasa nuna fim ɗin yau."

Nevena ta ajiye ludayi.

"Ki ce a yi me?"

"A fasa. Fim ɗina ne ya kashe shi yana numfashi. Mu muka buga takardar nan. Wani cikin ma'aikatana ne ya yi sakaci ya bar ta, wani ɗan iska ya tsinta ya manna. Da wane ido zan tsaya gaban mutane ina karɓar tafi?"

"Da idon da na haife ki da shi."

"Mamo..."

"Rufe min baki, Radi. Baƙi da ba su san ko sunan garin nan ba sun tashi tsaye saboda ubanki. Yau da za a nuna wa waɗanda suka san shi tun yana tuƙa bas, shi ne za ki naɗe tabarma ki gudu? Na goge kwat ɗinsa. Na je an gyara min gashi. Kin san rabona da zuwa gyaran gashi?"

Radostina ta yi dariyar da ba ta shirya ba, hawaye na biyo bayanta.

"Ba ki ga fim ɗin ba tukuna. Yana da duhu, Mamo. Zai iya ƙara rikita shi."

"Ya wuce inda yake ce min baiwar Allah kamar baƙuwa? Ni, matarsa?" Ta ci gaba da juya alkama. "Na san abin da nake yi. A fim ɗin nan Anani yana mutuwa, ko ba haka ba?"

"A ƙarshe, e."

"To madalla. Ubanki zai zauna a gaba ya ga mutuwarsa da idonsa. Ni kuma in raba alkamar marigayi. Mamaci ba ya cin tasa alkamar, masu rai ke ci masa. Sai mu ga layin da ubanki zai shiga."

Radostina ta daɗe tana kallon uwarta.

"Ke ya kamata ki rubuta fim, ba ni ba."

"Da na rubuta, da rana ta fito ko sau ɗaya. An ce min daga farko har ƙarshe ruwa ake yi."

"Haka ne." Ta share ido da bayan hannu. "Kin san wurin da ya fi ɗaukar hankalin mutane? Inda ma'aikaciyar ofis ta ce ya miƙa tunaninsa na ƙarshe, shi kuma ya ce, ku kwashe komai, ban da Plamen. Ban rubuta wannan ba. A takardata Anani ba shi da kowa. Tate ne ya ƙirƙiro sunan a gaban kyamara, kowa tsigar jikinsa ta tashi."

Hannun Nevena ya tsaya a cikin alkamar. Wani abu ya soke ta a ƙirji, ta danne shi kamar yadda ta saba dannewa.

"Miƙo min sukari," ta ce.

Ba a ƙwanƙwasa ba aka banko ƙofa. Ginka ce, maƙwabciyarsu, da baƙin ɗankwali har yanzu a kanta. Ita ce ta fara hango takardar ranar, tabarau na aljihu, ta ga hoto ba ta tsaya karanta suna ba ta kurma ihun da ya tara unguwa.

Ta shaƙi iska, ta yi alamar gicciye a ƙirji.

"Wayyo Allah! Ya cika?"

"Bai cika ba, Ginka. Kin sake yin sammakon banza."

"To wannan ƙamshin fa? Nevena, ki ji tsoron Allah! Takarda a ƙofa, yanzu kuma alkama? Ai kun gama yi wa mutuwa kwatancen gida."

"Ke kika yi mata kwatancen, da ihunki da furanninki guda huɗu. Cire baƙin nan daga kanki, a gidana ba a yi rashi ba."

"Sannu, Lelya Ginka," in ji Radostina a hankali, da sunan da ake kiran inna a garin.

Ginka ta watsa mata kallo sama da ƙasa.

"Sannu, mai fim. An ce kin ciyo kyauta. Ubanki kuma yana ciyo yunwa."

Radostina ta sunkuyar da kai. Nevena ta share hannu a jikin rigar girkinta, ta tako har gaban Ginka.

"Ki zo zaure anjima. Na sa an ajiye miki kujera a layi na biyu. Ki taho da tabaranki a kan hanci, ba a aljihu ba."

*

Zahari na zaune bakin gado, hannuwa a harɗe a ƙirji. Ya rame, wuyan rigar ya yi masa yawa. Amma bayansa a miƙe yake ƙyam, zaman mutumin da ya shekara da shekaru a bayan sitiyari.

Radostina ta durƙusa gabansa.

"Tate, ni ce."

Ya yi mata murmushin ladabi, irin wanda ake yi wa baƙo a tasha.

"Sannu, yarinya. Kin makara, an riga an yi jana'iza."

Ta toshe baki ta fice. Nevena ta shigo da kwat a hannu kamar ba ta ji komai ba.

"Tashi ka sa wannan."

"Baiwar Allah, na gaya miki, ni na gama da sa kaya."

"Taron tunawa da Anani ake yi a zauren gari."

Ya ɗago.

"Nawa?"

"Ba kai ne ka ce kai ne Anani ba? Ba ka son ganin waɗanda za su zo?"

Wani ɗan haske ya gifta a idonsa.

"Za su zo?"

"Har da waɗanda ba a gayyata ba."

Ya miƙa hannu da kansa aka zura masa kwat.

A bakin ƙofa Nevena ta tsayar da su. Ta ɗauko kofi ta watsa ruwa a gaban ƙafar 'yarta, don al'amarin ya tafi sumul kamar ruwan. Haka ta yi mata ranar shiga makaranta, haka ta yi mata ranar tafiya Sofiya. Sannan ta ɗauki farantin alkama ta rufe da farin ƙyalle, ta saƙalo hannun mijinta, suka bi tsakiyar titi. Ba gefe ba, tsakiya. Unguwa duk ƙamshin tattasan da ake gasawa na ajiyar sanyi, labule na motsi a kowace taga, ita kuwa kanta a sama.

*

Zauren ya cika maƙil, har da masu tsayuwa jikin bango. Rabinsu fim suka zo gani, rabinsu kuma, mu faɗi gaskiya, mamacin da ke tafiya da ƙafarsa suka zo gani. Nevena ta zaunar da shi a layin gaba, ta tura farantin ƙarƙashin kujerarta.

Aka kashe fitila.

Wani birni ya bayyana, baƙi ƙirin, ruwa mai launin toka na zuba ba ƙaƙƙautawa. Babu rana, babu tsuntsu. Mutane cikin dogayen riguna sun yi layi a gaban wani ofis. Duk wanda ya shiga sai a maƙala masa waya a ƙeya, a zuƙe abin da yake tunawa a ɗura a 'yar kwalba, ya fito da sauƙin zuciya, bai san sunan uwarsa ba. Wanda aka kwashe nasa kaf, sai a manna masa takardar mamaci a ƙofa alhali yana yawo, daga nan ba mai ƙara ganinsa ko ya tsaya a gabansu.

"Kai, ai masaƙarmu ce wannan!" wani ya faɗa daga baya.

"Ga tagar da nake zama nan!"

"Shhh!"

"Da ma can haka take yoyo, ba dabarar fim ba ce."

Aka yi dariya. Amma da Anani ya fito, dariyar ta ɗauke. Fuskar Zahari ta cika bango, kowane tamoji a fili, ruwa na bin girarsa. Yana tafe a hankali cikin mutanen da ba sa ganinsa, yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ba mai amsawa.

Nevena ta ƙura wa allon ido. Mijinta ne wancan. 'Yarta ce ta yi wannan. Ta so ta juya ta ga fuskokin mutane, ta hana kanta, don kada a ce ta damu da su. Sai dai kunnenta na baya, kuma ta ji sarai lokacin da Ginka ta fara jan majina.

Zahari ya matso da kansa kusa da ita.

"Baiwar Allah, wane ne wannan tsohon?"

"Anani ke nan."

"Hm." Ya ƙura ido. "Tafiyar direba gare shi."



Aka zo wurin ofis. Ma'aikaciya ta ɗago kwalba ta ƙarshe. Anani ya dubi kyamara kai tsaye, kamar kowa na zauren yake kallo.

"Ku kwashe komai," ya ce, "ban da Plamen."

Kujeru suka yi ƙara a layukan tsofaffi. Wani ya yi tari. Nevena ta kafa idonta a ƙasan allo, ba ta ɗaga ba sai da wurin ya wuce.

A ƙarshe Anani ya fizge wayar daga ƙeyarsa ya fita cikin ruwa. Ya kai bakin ƙofar masaƙa, ya dafa ƙarfe, ya sulale. Ruwan toka ya ci gaba da zuba a kan buɗaɗɗen idonsa.

"Ya mutu," in ji Zahari.

"Ya mutu."

"Na gani da idona."

"Ka gani."

Ya dubi hannuwansa, ya juya su.

"To ni da nake kallo fa?"

"Kai za ka gaya min."

Fitila ta kama. Da fari tsit. Sai tafi ya ɓarke kamar rufin zai tashi, tsofaffi na dafa sanda suna miƙewa. Aka tura Radostina kan dandamali. Nevena ta tafa har tafin hannunta ya yi ja, kuma ba ta ji kunyar kowa ba.

Tafin na lafawa Ginka ta miƙe, ido jawur, tabarau a kan hanci.

"Fim dai ya yi kyau, ba na ƙarya. Na yi kuka. Amma tunda ga mu ga mai fim, sai ta gaya wa gari wa ya manna wa ubanta takardar mutuwa a ƙofa. Mutum na zaune lafiya kuka mai da shi gawa!"

Guna-guni ya tashi. Radostina ta kama makirufo da hannu biyu.

"Lelya Ginka ta yi gaskiya. Laifina ne. Ni ya kamata in..."

"Ni ne."

Ba da ƙarfi aka faɗa ba, amma kowa ya ji. Zahari ya miƙe, ya gyara wuyan kwat, ya juyo ya fuskanci zaure.

"Ni na manna ta."

"Tate, zauna, ba ka..."

"Bari in yi magana tun kaina na wurina, yarinya. Ba ya daɗewa." Ya dafa bayan kujera. "A kwalin kayan fim na same ta, a ɗakin ƙasa. Na ɗauko ƙusa da guduma na kafa ta da hannuna."

"Don me, Bay Zahari?" wani ya tambaya.

Ya nemo mai maganar da ido.

"Kai ne, Tsanko? A motata matarka ta fara naƙuda, na tsallake tasha uku ban tsaya ba. Yaushe rabonka da gidana?"

Tsanko ya cire hula ya rasa inda zai sa ta.

"Shekara da shekaru ina ɗaukar muku gwangwanin cuku da kwalaben miyar tattasai zuwa wurin 'ya'yanku a birni. Ban taɓa ce wa kowa mota ta cika ba. Da ciwon nan ya kama ni, sai kuka koma tsallaka titi in kun hango ni. Kuna gudun in tambaye ku suna sau biyu."

Ba mai motsi.

"Amma kullum da safe ina ganinku ta taga. Kuna tsayawa gaban bishiyar coci kuna karanta matattu, kuna cire hula, kuna cewa kai, mutumin kirki ne. Na ce ashe a garin nan sai kana jikin bango ake gaishe ka. To bari in hau bangon."

Ginka ta koma ta zauna a hankali.

"Kuma kun zo," ya ce. "Wallahi kun zo. Har da furanni." Ya ɗan sosa ƙeya. "Sai dai ni na manna, na shiga ciki, na manta na manna. Da na fito na ga kuna kuka, na ce mutane da yawa haka ba za su yi ƙarya ba."

Wani ya fashe da dariya, dariyar ta rikiɗe ta zama kuka. Mata suka shiga laluben hankici. Maza suka ga takalmansu sun zama abin kallo.

Nevena ba ta yi kuka ba. Ita ba ta kuka a gaban mutane, ko a jana'izar uwarta ba ta yi ba. Alfahari ne ya cika ta har wuya, ga mijinta tsaye ya wanke gari guda tas ba tare da ya ɗaga murya ba. Amma ta ga idonsa ya fara yawo, ta san hasken na shirin ɗaukewa. Ta janyo farantin, ta yaye ƙyallen.

Ƙamshin kirfa ya gauraye zauren.

"Kun ga Anani ya mutu a gabanku," ta ce da ƙarfi. "Ga alkamarsa. Kowa ya san ƙa'ida, mamaci ba ya ci, masu rai ke ci masa. Duk mai rai a ɗakin nan ya miƙo hannu."

Aka tsaya kallon-kallo. Alkamar mamaci ga mutumin da ba a taɓa haifa ba? Limamin coci ma da ke layi na uku ya shafa gemu yana nazarin rufi.

Ginka ce ta fara tasowa. Ta ɗauki ɗan kofi da cokali.

"Allah ya gafarta masa," ta ce, ta kai baki. Ta tauna. "Kin cika zabibi."

"Ci ki ba mutane wuri."

Sai Tsanko. Sai limamin. Sai layi ya miƙe har ƙofa, kowa na ɗauka yana cewa Allah ya gafarta masa, kuma kowa in ya zo gaban Zahari sai ya tsaya ya kama hannunsa ya faɗi sunansa da kansa, ba tare da an tambaye shi ba.

Da layin ya ƙare, Nevena ta zo gabansa. Ba ta miƙa masa ba. Ta riƙe farantin kawai a tsakaninsu.

"Saura kai. Wane layi kake?"

Ya dubi alkamar. Ya dubi farin allon da Anani ya mutu a kai. Ya dubi mutanen da ke taunawa. Radostina ta sauko daga dandamali ta tsaya a bayan uwarta, ta riƙe numfashi.

Hannunsa ya taso a hankali. Ya ɗauki kofi. Ya ɗebi cokali guda.

"Allah ya gafarta masa," ya ce. "Ya sha ruwa, bawan Allah."

Ya kai baki.

Ya tauna, ya tauna, ya haɗiye. Ya ɓata fuska.

"Sukarin ya yi yawa, Nevenche. Kullum sai na gaya miki."

Nevenche. Sunan da ba mai kiranta da shi a duniya sai shi.

Ta ɗaga haɓa.

"In bai maka ba ka dafa naka."

Zauren ya kaure da sowa. Radostina ta rungume shi tana kuka tana dariya, shi kuma yana ta kai cokali baki, yana ce mata ta yi a hankali kada ta zubar masa. Ya cinye kofin tas har yana kankare gindinsa. Ginka na ta shelar cewa ita da ma ta san ba yanzu zai mutu ba, ba wanda ya tanka mata.

Sai ya sake miƙa hannu ya ɗauki kofi na biyu.

"Ci, Tate, ci, akwai da yawa!"

Bai ci ba. Ya riƙe kofin da hannu biyu, ya dubi matarsa. Idonsa tar, babu hazo ko kaɗan, irin kallon da ta shekara ba ta gani ba.

"Wannan na Plamen ne."

Nevena ta ƙanƙame farantin.

"Zahari..."

"Shi ba mu taɓa dafa masa ba. Ba mu manna masa takarda ko a bishiya ɗaya ba. Kin ce ba za ki ga fuskarsa a bango mutane na tausaya miki ba. Kin ce kada wanda ya ƙara kiran sunan, na bi ki." Ya miƙo mata kofin. "Komai na tafiya daga kaina, Nevenche. In na manta shi, shi ke nan, ba a taɓa yin sa ba. Ɗanmu ne fa."

Radostina ta yi murmushi mai taushi, ta dafa kafaɗarsa.

"Tate, ka gaji. Plamen na cikin fim ne. Kai ka ƙirƙire shi, ka tuna?"

Ta waiga don mutane su taya ta lallashi.

Ba wanda ya kalle ta. Tsanko na murza hula. Limamin ya rufe ido. Ginka ta yi alamar gicciye, cokali ya suɓuce mata ya faɗi. Duk wani mai furfura a zauren kansa na ƙasa, kamar mutanen birnin da ta zauna ta ƙirƙira da hannunta.

Murmushin ya bar fuskarta. Ta juyo a hankali ga uwarta, matar da ba ta taɓa ganin ta sunkuyar da kai ga kowa ba. Yau kan a sunkuye yake.

"Mamo, dube ni."

Nevena ba ta ɗago ba.

"Mamo. Ba ni kaɗai kuka haifa ba?"